Yadda Ake Kiwon Kunkuru Fiye Da Ɗaya A Gida Ba Tare Da Sun Cutar Da Juna Ba

Masu kiwon kunkuru a tsakar gida sukan ɗauka cewa duk kunkuru ɗaya ne, shi ya sa idan aka kawo musu sabo sai su sake shi kusa da na gida, wai don ya ɗebe masa kewa. A ganina wannan kuskure ne mai tsada, domin a daji kunkuru shi kaɗai yake rayuwa, kuma haɗa iri biyu daban-daban a wuri guda yakan jawo ciwo ko mutuwar ƙaramin.

Matakin farko shi ne a gane irin kowanne. Babban kunkurun yankin Sahel, wanda masana ke kira sulkata, ana samun sa daga Senegal har Sudan, ciki har da Nijar da Chadi. Ƙoƙon bayansa launin rairayi ne, yana da ƙayoyi a cinyoyinsa na baya, nauyinsa kan haura kilo 50, yana haƙa rami mai zurfi don gudun zafi, kuma ciyawa ce abincinsa. Wanda ake kawowa daga dazuzzukan kudancin Najeriya kuwa ƙarami ne, bayan ƙoƙonsa yana da gaɓa da yake rufewa idan ya tsorata, yana buƙatar inuwa da danshi, kuma yana cin dodon koɗi da tsutsa da 'ya'yan itace. Babu shinge guda da zai wadatar da su biyun, domin danshin da ɗaya ke nema shi ke jawo wa ɗayan ciwon numfashi da ruɓewar ƙoƙo.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne keɓewa. A ajiye sabon kunkuru shi kaɗai na tsawon wata shida, ko da irinsu ɗaya da na gida. Dalili kuwa shi ne kunkuru kan ɗauki ƙwayar cuta irin su hapis da maikoplasma ba tare da ya nuna alama ba, alhali ita ce za ta kwantar da wani iri da bai saba da ita ba. A wannan lokaci a riƙa duba hancinsa kowace safiya: idan an ga majina ko kumfa, ko idanu sun kumbura, ko ya daina cin abinci, a kai shi wurin likitan dabbobi, a kuma bayar da kashinsa a duba ko akwai tsutsar ciki.

Daga nan sai a yi wa kowane iri nasa shinge. Katanga ta fi waya, domin kunkuru idan yana hango ƙetare ba ya daina turawa, kuma a nitsa tushenta cikin ƙasa saboda haƙar sulkata. Kowane shinge da kwanon ruwansa da tsintsiyarsa, sannan a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kowanne, musamman yara, saboda ƙwayar cutar salmonela da kunkuru ke ɗauke da ita, mai sa wa mutum gudawa.

Idan iri ɗaya ne kuma girmansu ya yi kusa, a duba jinsi kafin a haɗa su. Namiji yana da doguwar jela, ƙoƙon cikinsa kuma ya loɓa. Maza biyu ba sa zama lafiya: sukan yi karo har ɗaya ya kifar da ɗayan, kuma kunkurun da ya kwanta rigingine cikin ranar bazara yana iya mutuwa kafin mai gida ya dawo daga kasuwa. Namiji ɗaya da mace ɗaya ma yakan matsa mata har ta rame, don haka a tanadi wurin da za a janye ta da zarar ta fara ɓuya tana ƙin fitowa kiwo.