Kurakuran da aka fi yi wajen rufe karɓar rubutu daga kibod a manhajar tagar umarni

Yawancin masu koyon rubuta manhaja suna mayar da hankali kan yadda za su karɓi abin da mutum ya buga a kibod, amma ba su cika tunanin yadda karɓar za ta ƙare ba. A ganina tushen matsalar guda ne, wato rashin duba sakamakon karatun kafin a yi aiki da abin da aka karanto.

Kuskuren da ya fi yawa a harshen rubuta manhaja na C shi ne rubuta while (!feof(stdin)) a bakin zagayen karatu, inda stdin yake nufin hanyar da rubutun kibod yake shigowa manhaja. Umarnin feof ba ya hango ƙarshen bayani, sai bayan an yi yunƙurin karantawa an tarar babu komai sannan yake shaida hakan, shi ya sa manhajar takan sarrafa layin ƙarshe sau biyu. Gyaran shi ne a sa karatun kansa ya zama sharaɗin zagayen, a ci gaba muddin fgets, umarnin da yake karanta layi, bai dawo da NULL ba, wato alamar bai samu komai ba.

Na kusa da shi shi ne ajiye abin da getchar, umarnin karanta harafi ɗaya, ya dawo da shi a cikin char (ma'ajin harafi) maimakon int (ma'ajin lamba). Alamar EOF, wadda getchar yake dawowa da ita idan bayani ya ƙare, ba harafi ba ce, lamba ce ƙasa da sifili, galibi -1, kuma an zaɓe ta ne don kada ta yi karo da kowane harafi. A na'urar da char ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, kamar yadda aka saba gani a Linux a kan na'urori masu furosesa ARM, zagayen ba zai taɓa tsayawa ba. A wadda yake ɗauka kuwa, bayit mai lamba 255 zai sa manhajar ta tsaya alhali da sauran bayani.

Sai batun scanf, umarnin karanta lamba ko kalma, wanda ya fi kowanne wahalar da sababbin hannu. Idan an nemi lamba da %d, mutum kuma ya buga haruffa, scanf yana dawo da 0 ya bar haruffan a inda suke, don haka zagaye na gaba zai sake cin karo da su, allon ya cika da saƙo ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Mutane da dama sukan yi ƙoƙarin share su da fflush(stdin), alhali ƙa'idar harshen C ba ta fayyace abin da wannan zai haifar ba, kuma aikinsa a wata kwamfuta ba hujja ba ne cewa zai yi a wata. Abin da ya fi aminci shi ne a karanta layi ɗungurungum da fgets, sannan a mayar da shi lamba da strtol, wanda yake nuna inda ya tsaya. Umarnin gets kuwa kada a kusance shi, domin an cire shi daga harshen tun a ƙa'idar 2011. Irin wannan tarkon yana nan a harshen Java, inda nextInt, mai karanta lamba, yake barin alamar ƙarshen layi, nextLine na bayansa ya dawo fanko.

Wasu sukan ware lamba kamar 0 ko -1 a matsayin alamar an gama. Wannan yana aiki har ranar da lambar ta zo a matsayin bayani na gaskiya, misali ma'aunin sanyi. Layi fanko ko kalma kamar "fita" sun fi dacewa, da sharaɗin a rubuta wa mutum a allo abin da zai buga.

Abin da nake so a fi kula da shi shi ne bambancin maɓallan tsayarwa, domin ba abu ɗaya suke nufi ba. A Linux da macOS, Ctrl+D a farkon layi yana nufin bayani ya ƙare, amma a tsakiyar layi yana miƙa abin da aka buga ne kawai, sai an sake danna shi. A Windows, Ctrl+Z ake dannawa sannan Enter, alhali Ctrl+Z a Linux dakatar da manhajar yake yi ya ajiye ta a gefe. Ctrl+C kuma katsewa ce, siginar SIGINT. Harshen Python ya raba su sarai: ƙarewar bayani tana tayar da EOFError, katsewa kuma KeyboardInterrupt. Idan bayani ya ƙare, daidai ne a kammala lissafi a nuna sakamako. Idan an katse, mutum tsayawa yake so, saboda haka a rufe fayiloli a fita da lamba 130, wadda bisa al'ada take nuna an katse manhajar, kada a haɗiye siginar a ci gaba da tambayarsa. Manhajar da ta sauya saitin taminal, wato tagar umarni, kamar ɓoye haruffa yayin buga kalmar sirri, wajibi ne ta mayar da shi yadda yake kafin ta fita, in ba haka ba mutum zai yi ta bugawa ba ya ganin komai har sai ya rubuta stty sane.