Shigar Shiga Kwale-kwale a Hunturu

In za ka kamun kifi a kogin Galma na Zariya da asubahin Janairu, ka yi shiga kamar wanda zai faɗa ruwa, don ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki.

Kayan auduga ka bar su gida, in sun jiƙe sai su manne maka da sanyinsu. Ni rigar ƙwallo nake fara sawa, sai suwaita, sannan rigar leda mai tare iska. Duk akwai su a gwanjon Sabon Gari. Hular sanyi ta rufe kunnuwa.

Rigar ceto a sama, ɗaure tamau, ko kai gwanin ninkaya ne. Babbar riga da dogon takalmin roba kuwa, hana ka iyo za su yi in jirgi ya kife. Busassun kaya ka ƙulle su a leda.