Darasi na 9: Abin da Gari Ya Ci, Gona Yake Komawa

Gari yana ci, yana sha, yana fitar da ƙazanta, kamar kowace halitta mai rai. Hatsi da itace da ruwa da harawa suna shigo masa daga gona da daji. Toka da kashin dabbobi da ruwan wanke-wanke suna fita. Masana muhalli sun ce gari da gonakinsa da fadamunsa da itatuwansa duk abu ɗaya ne, in ɗaya ya lalace sauran za su ji a jikinsu.

Kakanninmu sun san haka tun ba a rubuta shi ba. Daga ƙauyukan da ke kewaye da Kano, irin su Kumbotso da Ungogo da Gezawa, a da jakai kan shiga birni da itace da kayan gona, su dawo da mangala cike da taki. Da wannan takin ake noma gona ɗaya kowace damina, shekara da shekaru, ba tare da an bar ta ta huta ba.

To me ya canza? Leda ta shigo. A da kusan duk abin da ke bola ruɓewa yake yi. Yau ka zuba takin bola a gona, iska ta kaɗa, sai ka ga leda ko'ina. Leda ba ta zama taki. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa ga abinci a gabanta. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbi. Ita ce kuma ke toshe kwata. Ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, gindin katanga ya jiƙe har ta zube.

Ruwa ma yana da hanyarsa. Kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini shi ke ɗauke ruwan unguwa. Abin takaici ne a cike shi da shara a yanka fuloti, domin ruwan ba ya fasa zuwa, ɗakin wani zai shiga. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim ba su manta ambaliyar 2022 ba. Ruwan sama ya yi yawa a shekarar, ga kuma ciyawar kacalla da ta daɗe tana toshe hanyoyin kogin Haɗeja.

Ga abin da kowane gida zai iya yi. A raba shara biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa gefe guda, leda da roba da kwalba da tsohon batir gefe guda. Roba da ƙarfe masu jari-bola suna saya. Batir kuwa kada ya kusanci rijiya ko taki, akwai guba a cikinsa.

Mai ruɓewar sai a haƙa mata rami a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa zuwa gwiwa ko ƙugu. A shimfiɗa kara da busasshen ganye a ƙasa, a zuba kashin dabbobi a kai, sai ɓawon kayan miya da toka kaɗan, a maimaita har ramin ya cika. A yayyafa ruwa ya yi danshi, kada ya yi caɓi. Ruwan wanke hatsi ya isa. A soka sanda a tsakiya. In an zare ta an ji ɗumi, aiki yana tafiya. A riƙa juyawa duk mako 2 ko 3. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya daina wari.

Kada a manta da itace. Gawo yana zubar da ganye da damina, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Kano da Jigawa suna cikin jihohin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, amma ba sai an jira dashen gwamnati ba. Lokacin sassabe, in ka ga kututture ya yi toho, bar reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, ka sare sauran.

Aikin aji: Kowa ya rubuta sunan abu 5 da ke cikin sharar gidansa, ya ja layi a ƙarƙashin masu ruɓewa. Sannan ku zana taswirar unguwarku, ku nuna inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, ku kai wa mai unguwa kafin ruwan farko.