Yadda ake sassaƙa dutsen mabul ga mai son farawa

Kar ka fara da mabul tukuna. Na san shi ne ya ja hankalinka, amma tsada gare shi kuma ba ya yafe kuskure, abin da ka ɓare ya tafi kenan. Nemi dutse mai laushi, irin wanda Turawa ke cewa dutsen sabulu, farce ma yana karce shi. Da shi aka yi gumakan nan na Esie a jihar Kwara, wajen guda 800, inda aka buɗe gidan tarihi tun 1945. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tafiya daga 1 zuwa 10 shi yana kan 1, mabul yana wajen 3, giranit kuwa 6 zuwa 7, to ka ga bambanci. Giranit ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

In ka je sayen dutse ka tafi da guduma ƙarama. Ƙwanƙwasa shi, in ya yi ƙara tangaran lafiyarsa ƙalau, in ka ji sautin ya mutu to akwai tsaga a ciki, bar musu kayansu ko nawa suka rage maka. Ka zuba mai ruwa kuma, tsagar da ido bai gani ba sai ta fito ta yi layi baƙi. Sannan ka tuna da nauyi, mabul mai santimita 30 kowane gefe ya haura kilo 70, ba abin da za ka ɗora a bayan mashin ba ne kai kaɗai. Ana samun mabul a Najeriya, akwai Jakura a Kogi akwai Igbeti a Oyo, amma mai farawa gara ya je wajen masu yanka mabul na gini ya sayi guntayen da suka rage.

Kafin ƙarfe ya taɓa dutse ka gina abin da kake so da yumɓu, ƙarami, ka juya shi ka kalle shi ta kowane ɓangare, sai ka zana shi jikin dutsen da gawayi ko fensir, gaba da baya da gefe da sama. Zanen zai dinga gogewa kana sassaƙa, kai kuma kana sake shi, haka aikin yake.

Kayan aikin ba su da yawa amma jerinsu ne muhimmi. Na farko cizal, wato ƙarfen sassaƙa da ake doka da guduma, mai tsini kamar ƙusa, da shi ake ɓare manyan ɓangarori. Ka kwantar da shi kamar digiri 45, kar ka tsayar da shi cak ka doka, don in ka yi haka mabul yana ƙujewa ta ciki, sai wani farin tabo ya zauna can ƙasa wanda ba za ka gani ba sai ranar da ka zo gogewa, lokacin kuwa ba magani sai dai ka ƙara cin dutsen. Idonka ya zauna kan bakin cizal ba kan guduma ba. Kuma kullum ka doka zuwa cikin dutsen inda yake da kauri, in ka nufi baki sai kusurwa ta ɓalle gaba ɗaya. Ka sa buhun yashi a ƙasa ya riƙe maka shi ya kuma shanye duka.

Daga nan sai cizal mai haƙora, shi ne ke fito da siffa, kuma a nan ne za ka fi daɗewa. Michelangelo, shahararren masassaƙin Italiya, da shi ya fi aiki, in ka ga hotunan ayyukansa da bai ƙarasa ba a birnin Florence na Italiya sawun haƙoran na nan raɗau. Mutum-mutumin Dauda da ya yi daga 1501 zuwa 1504, tsayinsa ya haura mita 5, daga dutsen mabul ɗaya ne na garin Carrara a Italiya wanda wasu masassaƙa biyu suka taɓa kafin shi suka bari ya yi shekaru a yashe. Bayan mai haƙora sai cizal mai faɗin baki ya share sawun, sai magagari, sai sanfefa da ruwa, ka fara da mai kaushi lamba 60 ko 80 ka dinga hawa har 600 ko sama in kana son ƙyalli. Kar ka tsallake lamba, karcen da 80 ta bari 400 ba za ta cire shi ba.

Giranda tana rage wahala sosai amma tana cin dutse da sauri fiye da tunaninka, ga ƙura. Maganar ƙura kuwa ba wasa, tabarau dole, takunkumi na gaske dole ba ƙyalle ba, musamman a giranit da dutsen yashi, ƙurarsu tana zama a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa. Ka jiƙa dutsen kana yanka.

Na san wani zai ce ai shi ba zai sassaƙa mutum ko dabba ba saboda addini. To sana'ar ta fi nan faɗi. Taj Mahal da aka fara ginawa a 1632 a birnin Agra na Indiya da mabul na garin Makrana, ƙawarsa furanni ne da ayoyi da tagogin raga da aka huda daga falan dutse. A ganina ma nan kasuwar take a wajenmu, rubutu a allon buɗe gini, adon mihrabi, sunan gida, turmin daka yaji. Rubutu yana son cizal ƙarami mai kaifi da duka a hankali, kowane harafi ana yanka shi ta gefe biyu su haɗu a tsakiya.

In ka gama ka wanke da ruwa zalla ka shafa kakin zuma kaɗan, ka kuma gaya wa mai saye kar ya bari lemon tsami ko ruwan batir ya taɓa shi, abu mai tsami yana cin mabul ya kashe ƙyallin nan take.