Yadda za ka lissafa nisan Kano zuwa Guangzhou da kanka

'Yan kasuwarmu masu zuwa Chana sarin kaya, musamman wanda zai fara fita, tambayarsu ɗaya ce kullum, wai awa nawa ne a sama? Wani ya ce maka awa goma wani ya ce kwana guda, alhali lissafin nan ko a waya za ka iya yinsa.

Da farko nemi lambar filin jirgi, haruffa uku ne. Na Malam Aminu Kano KAN ne, na Guangzhou kuma CAN, ka ga harafi ɗaya ne kawai ya raba su, don haka a lura wajen rubutawa kar ka auna Kano zuwa Kano. Ka shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta KAN-CAN, zai ba ka wajen kilomita 10,900. In ya nuna maka da mil ne ka ninka da 1.6, in kuwa mil ɗin matuƙa jirgi ne wato nm, da 1.852 ake ninkawa.

Amma fa wannan nisan miƙe ne, kuma babu jirgin fasinja da zai ɗauke ka daga Kano ya dire ka can kai tsaye, dole ka yada zango. Da yawa ta Addis Ababa, babban birnin Habasha, suke bi da jirgin kamfanin Ethiopian, lambar filin can ADD ce, to sai ka rubuta KAN-ADD-CAN. Kano zuwa Addis wajen kilomita 3,300, Addis zuwa Guangzhou wajen 8,000, duka 11,300 da ɗoriya kenan, ratsen ma bai taka kara ya karya ba.

Yanzu sai awanni. Babban jirgi na gudun wajen kilomita 850 a awa, sai ka raba nisan da 850 ka ƙara rabin awa na tashi da sauka a kowane zango. Zangon farko awa huɗu da rabi, na biyu wajen awa goma, kusan sha biyar kenan kana ɗaure da bel a kujera, ƙafa har kumbura take in ba ka ɗan miƙe ka zaga ba.

Inda mutane ke rikicewa shi ne tikiti, saboda duk lokacin da aka rubuta a jiki agogon garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne. Habasha ta riga Najeriya da awa 2, Chana ta riga mu da awa 7, to in ka debe lokacin tashi daga na sauka sai ka cire bakwai ɗin nan, a dawowa kuma ka ƙara ta. Abin da ya rage ka cire awa sha biyar ɗin sama, sauran shi ne zaman jira a Addis, kuma ni a ganina shi ya kamata ka fi dubawa kafin ka biya ejan kuɗi, don tikiti mai araha wani lokaci kwana ne a kan bencin filin jirgi da jakarka a matsayin matashi.