Kurakuran da aka fi yi wajen horar da masu kula da kanti a Damagaram

Lokacin da mai dukiya zai wuni kan benci a bakin shagonsa yana ganin shiga da fitar kowane kaya ya soma wucewa. Ɗan kasuwar da ya fara da rumfa ɗaya a Kasuwar Dole yau yana da kanti a Sabon Gari, wani a Zango, ga magaza, ga zirga-zirgar Kano da Yamai. Tilas ya ɗora wani a kan kanti, wanda a nan muke kira jeran, kuma a ƙarƙashinsa akwai mai karɓar kuɗi da yaran shago da ƴan dako. Shi ya sa ake ta neman horon shugabanci ga masu wannan aiki. Abin da ke damuna shi ne yawancin horon yana ƙarewa a ɗakin taro, ba ya bin jeran zuwa kanti.

Babban kuskure shi ne a horar da jeran a bar maigida. An koya wa mutum yanke shawara, ya koma inda ba a ba shi ikon yanke ko ɗaya ba. Ga wata mai sayar da abinci da ta daɗe tana ciniki a kantin, ta zo da safe tana son buhun shinkafa da jarkar mai, ta ce za ta biya ranar Alhamis. Jeran ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bari in kira Alhaji." Alhaji na kan hanyar Matamaye, waya ba ta shiga. Ta tsaya, ta gaji, ta tsallaka kantin maƙwabta. Da yamma Alhaji ya ce, "Kai ma sai ka ce ba ka san ta ba?" Da kuwa ya ba ta, tambayar da zai sha ita ce wa ya ba shi izini. Yaran shago suna kallon duk wannan, kuma daga ranar sun gane cewa maganar jeran ba ta da nauyi.

Gyaran yana farawa tun kafin a buɗe darasi. Mai shirya horo ya zaunar da maigida da jeran su rubuta iyakar iko a takarda ɗaya: rangwame har zuwa nawa jeran zai yi da kansa, bashin jika nawa zai bayar, ga su wa, na kwana nawa, ko zai iya ba yaro hutu ko ya dakatar da shi, da kuma yaushe zai taɓa farashi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da kaya da yawa daga Kano suke zuwa, ana sayen su da naira a sayar da sefa. Duk wanda ya riƙe kanti lokacin da iyakar Nijar da Najeriya ta kasance a rufe, daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024, ya ga yadda farashin safe ke bambanta da na yamma. Bayan an rubuta, maigida ya tara yara ya faɗa musu da bakinsa cewa in ba ya nan, maganar wane ita ce tasa. Kuma ya kiyaye, kada yaro ya zagaye jeran ya kawo masa ƙara a gida ya saurare shi.

Akwai kuma kuskuren zaɓen wanda za a horar. Sau da yawa ana ɗaukar wanda ya fi iya jawo mai saye, ko ɗan ɗakin da aka fi yarda da shi, a ce shi ne jeran. Iya ciniki daban, iya riƙe mutane daban. Wanda ya gwanance da sayarwa yakan ƙwace kowane ciniki daga hannun yara, ya wuni yana gudu tsakanin kanta da akwatin kuɗi, yaran kuma su koma ƴan kallo. Irin wannan, abin da horo zai koya masa shi ne sakin aiki: ya ba yaro ɗaya jerin kaya, wani magaza, ya duba da yamma.

Sai wuri da harshe. A kama ɗaki a otal, a kunna majigi, mai koyarwa ya wuni yana Faransanci da misalan manyan kantunan Turai, a raba kuɗin zama, a watse. Da yawa daga cikin masu riƙe da kantunanmu makarantar allo suka yi, ko suka tsaya a firamare, lissafinsu da dala da jika yake tafiya, kuma sun fi mai koyarwar sanin kasuwa. A yi darasi da Hausa, a taƙaice, cikin kantin ɗaya daga cikinsu bayan an rufe. A ɗauko littafin bashinsa na gaske a duba tare. A shiga magaza a jawo katan ɗin madara da na tumatirin gwangwani a karanta ranar lalacewarsu, a ga ko sabon kaya ne aka tura gaba tsohon ya maƙale a lungu. A zafin Afrilu da Mayu, ga ɗaukewar wuta, jeran da bai koya wa yaransa fitar da tsohon kaya da farko ba yana zubar da riba ba tare da kowa ya saci ko dala ba.

Wani abin da masu shirya horo ke kauce wa, wataƙila don kunya, shi ne maganar dangi. Amma nan ne jeran ya fi shan wuya. Ƙanen uwargida ya shigo ya ɗauki sukari da sabulu ya ce a faɗa wa Alhaji. Ɗan maigida yana cikin yaran shago, yana zuwa lokacin da ya ga dama. Tsarin horar da masu ƙananan sana'o'i mai suna GERME na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ake koyarwa a ƙasashenmu na yammacin Afirka, ya ware darasi a kan sana'a da iyali, tare da na sayen kaya, kula da haja, ƙididdigar tsada da riƙe littattafai. A kanti kuwa, mafita mai sauƙi ita ce a buɗe wa gida shafi nasa a littafi, duk abin da ya fita a rubuta, maigida ya gani a ƙarshen mako. A horo kuma a gwada maganar baki da baki: wani ya zama surukin Alhaji, jeran ya koyi cewa "Ranka ya daɗe, ɗauki, amma bari in rubuta" ba tare da murya ta yi rawa ba. Haka nan a gwada yi wa yaro gyara. Tsawa a gaban masu saye tana kashe zuciyar yaro, kuma mai saye ma ba ya jin daɗinta. A ja shi magaza, a faɗi abin da ya yi, a ji ta bakinsa, a tsayar da abin da zai canza.

Ana mantawa da haƙƙin yaran ma. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki na ƙa'ida, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma jika 42 tun farkon 2024, ga rajistar ma'aikata a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Na san kantuna da yawa a kan amana da alkawarin sallama suke tafiya. Duk da haka ya kamata jeran ya san waɗannan, domin ba zai iya neman gaskiya da ƙwazo daga yaron da ba a biya shi kan lokaci ba.

Lokacin horo, a guji azumi da jajibirin salla, da farkon damina sa'ad da wasu yara ke komawa gona.

Daga ƙarshe, kada takardar shaida ta zama ma'aunin nasara. Kafin a fara, a rubuta abubuwa kaɗan da ake iya ƙirgawa a kowane kanti: jimillar bashin da ke waje, giɓin da ake samu in an rufe akwatin kuɗi da dare, kayan da suka lalace, da sau nawa jeran ke kiran maigida a wuni. Bayan wata ɗaya mai koyarwa ya koma kantin ba tare da sanarwa ba, ya sake dubawa, ya zauna da jeran da maigida tare. Wanda ke neman tallafin kuɗin shirya irin wannan horo ya tuntuɓi FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ko reshen majalisar ƴan kasuwa ta CCIN da ke nan Damagaram, kuma tun a takardar neman ya sa kuɗin ziyarar bibiya a cikin kasafi, don ita ce ake fara yankewa in kuɗi ya gaza.