Yadda na canja ɓawon mariƙin wuƙata mai naɗewa

Wuƙar Victorinox ce mai tsawon milimita 91, ta faɗo kan siminti, jan ɓawon robar gefe ɗaya ya tsage. Irin wannan ɓawon ba shi da sukurori, danna shi kawai aka yi a kan ƙusoshin tagulla na jikin wuƙar.

Na zare tsinken sakace da ɗan hantsakin da ke soke a cikin ɓawon, na naɗe duk kaifin, sannan na zura siririyar sukudireba ta ramin tsinken, na ɓanɓare a hankali. Abin da na gani a ƙarƙashi sai wanda ya gani: ƙura da zaren aljihu sun daskare. Tsohon buroshin haƙori ya yi maganinsu.

Wurin ɗora sabon ne ake son natsuwa. Na jiƙa shi a ruwan zafi har robar ta ɗan saki, don in da sanyinta aka matsa, ramukan ciki kan fashe. Na daidaita su da kawunan ƙusoshin, na sa wuƙar tsakanin katako biyu, na matse da filaya kusurwa-kusurwa har na ji ƙas.

Ban sa gam ba, gam zai wahalar da gyaran gaba. Yanzu ko farce ba ya shiga tsakanin ɓawon da jikin wuƙar.